Hanyar shari'a ma shari'a ce: Daga kotun Bakori zuwa dokokin cocin Katolika

A ranar 25 ga watan Satumba na shekarar 2003 ne Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci da ke Katsina ta soke hukuncin kisa ta hanyar jefewa da aka yanke wa Amina Lawal, 'yar ƙauyen Kurami da ke ƙaramar hukumar Bakori, a kan hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi.

Fiye da shekaru ashirin bayan haka, jama'a da dama na tuna cewa an sallami matar, amma kaɗan ne ke iya faɗin dalilan da alƙalan suka bayar. Wasu na cewa matsin lambar ƙasashen Turai ne ya yi aiki. Wasu kuma na ganin lauyoyi ne suka samu 'yar kafa suka zille da ita.

To sai dai wanda ya karanta hukuncin zai tarar da cewa alƙalan sun tsaya ne a kan tambaya guda: shin an bi hanyar da shari'a ta shimfiɗa kafin a yanke wa matar hukunci? Da suka ga ba a bi ba, sai suka ce babu hukuncin ke nan.

Wannan tunani, wato cewa hanyar da ake bi a kai ga hukunci wani ɓangare ne na ita kanta shari'ar, ya daɗe a littattafan fiƙihun Malikiyya. Haka nan kuma ya daɗe a wani tsarin dokokin addini da Musulmin arewacin Nijeriya ba su cika saninsa ba, wato dokokin cocin Katolika. Kwatanta su biyun na iya taimakawa wajen fahimtar abin da ya faru a Katsina, da kuma abin da ke gaban yankin a yau.

Daga Bakori zuwa Katsina

Jihar Katsina, ƙarƙashin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, na cikin jihohi 12 na arewa da suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci zuwa ga manyan laifuka, bayan da jihar Zamfara ta buɗe ƙofa a watan Oktoba na 1999.

A farkon 2002 aka gurfanar da Amina Lawal gaban kotun shari'a ta Bakori bisa zargin zina, saboda ta haihu alhali aurenta ya mutu. Ba ta da lauya. Mutumin da ta ambata ya musanta, ya yi rantsuwa, kuma da yake babu shaidu huɗu a kansa sai aka sallame shi. Ita kuwa, a watan Maris na wannan shekara, aka yanke mata hukuncin jefewa bisa iƙirarinta da kuma haihuwar da ta yi.

Lauyoyi, ciki har da Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, sun ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Shari'a ta Funtuwa. A ranar 19 ga watan Agusta na 2002 kotun ta Funtuwa ta tabbatar da hukuncin, ta ce a zartar bayan an yaye jaririyar. Daga nan ne maganar ta cika duniya, har wasu 'yan takarar sarauniyar kyau ta duniya suka ce ba za su zo Nijeriya ba.

Alƙalai biyar ne suka saurari ƙarar a Katsina, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Aminu Ibrahim. Huɗu suka soke hukuncin, ɗaya ya tsaya a kan cewa an yi daidai.

Daga cikin dalilan masu rinjaye akwai cewa alƙalin Bakori ya zauna shi kaɗai, alhali dokar da ta kafa kotunan shari'a a jihar ta ce alƙali ya zauna da mutum biyu. Akwai cewa ba a fayyace wa wadda ake tuhuma laifin yadda ya kamata ba, kuma ba a ba ta cikakkiyar damar kare kanta ba. Akwai cewa mai iƙirari a laifin haddi na da ikon janye iƙirarinsa, don haka kotun Funtuwa ta yi kuskure da ta ƙi karɓar janyewar. Sannan akwai batun kwantaccen ciki, wanda a mazhabar Malikiyya ke ba da damar a danganta ɗa ga tsohon miji har zuwa shekaru biyar bayan rabuwa.

Watanni goma sha takwas kafin nan, a ranar 25 ga watan Maris na 2002, takwararta ta Sakkwato ta sallami Safiya Husaini ta Tungar Tudu bisa dalilai masu kama da waɗannan. An adana bayanan zaman kotunan a shari'o'in biyu, kuma Philip Ostien, wanda ya koyar da shari'a a Jami'ar Jos, ya wallafa fassararsu daga Hausa a 2007.

I'izari

Babu ɗaya daga cikin waɗannan dalilai da aka aro daga Turai. Duk wanda ya taɓa zama a kotun alƙali ya san kalmar i'izari, wato tambayar ƙarshe da alƙali ke yi wa wanda hukunci zai hau kansa: ko akwai sauran hujja da kake da ita? Manyan kotunan Nijeriya sun sha soke hukunce-hukuncen gado da gona da aure saboda kawai ba a yi i'izari ba.

Ibn Farhun, malamin Madina da ya rasu a 1397, ya kafa hujjar i'izari a littafinsa Tabsiratul Hukkam da wurare daga Alƙur'ani. Akwai ƙissar Annabi Sulaimanu, wanda ya yi wa alhudahuda alwashin horo amma ya bar masa ƙofar kawo hujja. Akwai kuma ayar Suratul Isra'i da ke nuna cewa azaba ba ta sauka sai bayan an aiko manzo.

Haka nan wasiƙar Sayyidina Umar ga Abu Musa al-Ash'ari ta umarci alƙali da ya daidaita masu shari'a a zama da kallo, ta ɗora hujja a kan mai ƙara, rantsuwa kuma a kan mai musu. An ruwaito cewa Annabi Muhammadu (SAW) ya gargaɗi Sayyidina Aliyu, lokacin da zai tafi Yemen, da kada ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin na biyu. Ƙa'idar tunkuɗe haddi idan akwai shubuha kuwa, kowane ɗalibin fiƙihu ya san ta.

Littafin Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim, alƙalin birnin Garnaɗa a Andalus wanda ya rasu a 1426, na cikin littattafan da alƙalan arewa ke dogaro da su, kuma da babin alƙalanci da shaida ya fara. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya ware wa aikin alƙali wuri a Liya'ul Hukkam, wanda ya rubuta wa mutanen Kano a farkon jihadi.

Hujjar Adamu

A ɗaya ɓangaren, ɗarikar Katolika na da nata kundin dokoki da kotuna da alƙalai da lauyoyi. Kundin da ke aiki, wanda Fafaroma John Paul na biyu ya ƙaddamar a 1983, na ɗauke da sassa 1,752. Ya maye gurbin na 1917, amma saiwarsa na komawa ne ga birnin Bologna na Italiya, inda wani malami mai suna Gratian ya tattara dokokin coci wajejen 1140.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga kudancin Katsina. A watan Oktoba na 2023 Fadar Vatican ta yanki Katsina daga Sakkwato ta mai da ita dayosis mai zaman kanta, wato yankin da ke ƙarƙashin bishop guda. Wanda aka naɗa bishop na farko, Gerald Mamman Musa, haifaffen Malumfashi ne, kuma an bayyana shi a matsayin Bahaushe na farko da ya kai wannan matsayi a ɗarikar. Ma'ana dai, akwai manoma Hausawa a yankin Malumfashi da Ƙafur waɗanda wannan kundi ke magana a kan aurensu da limamansu. Kotunan cocin ba su da 'yan sanda ko kurkuku a Nijeriya. Aikinsu ya taƙaita ga abubuwa kamar ingancin aure da ladabtar da limamai.

A zamanin Gratian, ana yawan gano gaskiya a Turai ne ta hanyar sa wanda ake zargi ya riƙe ƙarfe mai zafi ko a jefa shi cikin ruwa, kwatankwacin shan gwaska da aka sani a wasu sassan ƙasar nan a da. Malaman dokar coci sun so a koma ga sammaci da shaidu da sauraron kowane ɓangare, amma suna buƙatar hujja daga nassi.

Wani almajirin Gratian mai suna Paucapalea ya samo ta a ƙissar Adamu da ke Littafin Farawa na Baibul. A cewarsa, Ubangiji ya san abin da Adamu ya yi, amma duk da haka ya kira shi, ya tambaye shi, ya saurari uzurinsa, sannan ya yi hukunci. Idan Masanin komai ya bi wannan hanya, to wane alƙali ne zai ce ya riga ya sani, ba sai ya tambaya ba? Mai karatu Musulmi zai tuna cewa a Alƙur'ani ma an tambayi Iblis abin da ya hana shi yin sujada kafin a kore shi.

A 1215 babban taron bishop-bishop da aka yi a fadar Lateran da ke Roma ya hana limamai sa albarka a gwajin wuta da ruwa, ya kuma wajabta a riƙa rubuta duk abin da ya gudana a kotu. A ƙarni na 13 wani malami Bafaranshe, William Durand, ya kai maganar ƙarshe, inda ya nuna cewa ko Shaiɗan ne aka kawo ƙara sai an saurare shi.

An gwada ƙa'idar a kan mai sarauta a 1313, lokacin da Sarkin daular Jamus, Henry na bakwai, ya yanke wa Sarki Robert na Naples hukuncin kisa a bayan idonsa. Fafaroma Clement na biyar ya ce hukuncin ba shi da tushe, domin kare kai haƙƙi ne na asalin halitta wanda ko sarkin sarakuna ba ya da ikon ɗauke shi.

Ƙa'idar da ba a rubuta ba

Abin da ya fi jan hankalin masana a nan shi ne yadda waɗannan ƙa'idoji suka daɗe suna aiki ba tare da an rubuta su a sashe guda ba.

Misali, maganar nan da ke cewa mutum ba shi da laifi har sai an tabbatar da laifinsa, masana tarihin shari'a na danganta tsara ta ga wani kadinal Bafaranshe, Johannes Monachus, wanda ya rasu a 1313. Amma ba ta fito ƙarara a kundin 1917 ba, ba ta kuma fito a na 1983 ba. Sai a garambawul ɗin da Fafaroma Francis ya yi wa dokokin hukunta laifuka, wanda ya fara aiki ranar 8 ga watan Disamba na 2021, aka rubuta ta a sashe na 1321. Shekaru ɗari bakwai ke nan tana raye a cikin tsarin sammaci da shaida da ɗaukaka ƙara kafin a ba ta lamba.

Kundin da kansa ya bar wa irin waɗannan ƙa'idoji ƙofa. Sashe na 19 ya ce idan babu doka bayyananniya a kan wata matsala, in dai ba ta hukunta laifi ba ce, a koma ga manyan ƙa'idojin shari'a tare da sassauci da adalci. Ɗalibin usulu zai ga kamanninsa da yadda malaman Musulunci suka tsamo ƙa'idojin fiƙihu daga ɗaiɗaikun hukunce-hukunce.

Idan aka ɗora dalilan alƙalan Katsina a kan wannan kundi, kamannin ya fi fitowa.

A kan yawan alƙalai, sashe na 1425 ya ce shari'ar da ka iya kai ga tuɓe limami sai alƙalai uku, kuma sashe na 1622 ya ce hukuncin da aka yanke da adadin da bai cika ba ɓatacce ne, ko da yake ana iya gyara shi.

A kan damar kare kai, sashe na 1620 ya ce idan aka hana wani ɓangare wannan dama, hukuncin ya ɓaci ɓacin da ba ya gyaruwa. A shari'ar laifi kuwa, sashe na 1723 ya ɗora wa alƙali ya naɗa wa wanda ake tuhuma lauya idan bai kawo nasa ba.

A kan iƙirari, sashe na 1536 ya ce a shari'ar da ta shafi maslahar jama'a iƙirari shi kaɗai ba ya zama cikakkiyar hujja sai wasu abubuwa sun ƙarfafa shi. Sashe na 1538 ya zubar da duk iƙirarin da aka samu ta hanyar tilas ko tsoro mai tsanani.

Wannan ba ya nufin tsarin biyu abu ɗaya ne. Tushensu daban ne, laifukan da suke hukuntawa da irin horon da suke yi ma daban ne. Kundin Katolika, alal misali, ya hana a rantsar da wanda ake tuhuma da laifi, alhali rantsuwa na da babban matsayi a fiƙihu. Inda suka haɗu shi ne a kan cewa alƙali mutum ne, ba ya ganin zuciya, don haka dole a ɗaure shi da hanya.

Inda aka karkace

Tarihin cocin ya kuma nuna cewa samun ƙa'ida a littafi ba ya hana a taka ta. A 1252 Fafaroma Innocent na huɗu ya halatta azabtar da waɗanda ake zargi da bidi'a domin su yi iƙirari. A 1431 wata kotun coci a birnin Rouen na Faransa ta samu Joan ta Arc da laifi, aka ƙone ta tana da kimanin shekaru 19. A 1456 wata kotun cocin ta sake duba shari'ar, ta ce cike take da maguɗi da saɓa ƙa'ida, ta soke ta. An wanke sunanta, amma bayan shekaru 25 da mutuwarta.

A wannan zamani kuma matsalar ta zo ta wata fuskar. A 2002, shekarar da ake shari'ar Bakori, jaridun birnin Boston na Amurka suka bankaɗo yadda shugabannin coci suka riƙa sauya wa limaman da ake zargi da lalata da yara wurin aiki maimakon gurfanar da su. Masu suka sun ce an mai da sirri da tsarin cikin gida garkuwar masu laifi. Masu kare dokar kuma sun ce ai ba a bi ta ba ne sam, domin ta tanadi bincike da shari'a amma aka ƙi yi.

A 2019 Fafaroma Francis ya wajabta wa limamai kai rahoton irin waɗannan zarge-zarge, ya kuma cire su daga cikin abubuwan da sirrin Fafaroma ke rufewa. A shekarar ce aka tuɓe tsohon kadinal na Washington, Theodore McCarrick, ta gajeriyar hanya ba tare da cikakken zaman kotu ba. Amma ko a gajeriyar hanyar, sashe na 1720 ya ce sai an sanar da mutum zargin da hujjojin, an kuma ba shi damar amsawa. Fafaroma Leo na 14, wanda aka zaɓa a watan Mayu na 2025, digirinsa na uku a fannin dokokin coci ne, kuma ya gaji wannan ja-in-ja tsakanin masu neman a yi sauri da masu neman a bi hanya.

Darasin dai shi ne ana iya cutar da mutane ta hanyoyi biyu: a tsallake tsari a hukunta marar ƙarfi, ko kuma a ɓuya a bayan tsari a kare mai ƙarfi.

Wanda bai samu lauya ba

Duka biyun na da misali a Nijeriya. Masu fafutukar haƙƙin mata sun yi nuni da cewa ƙa'idar shaidu huɗu ta kuɓutar da namiji a Bakori tun a zaman farko, ita kuwa macen sai da ta shafe shekara ɗaya da rabi da hukuncin kisa a kanta kafin ƙa'idojin da ke kare ta su yi aiki.

Akwai kuma waɗanda ba su kai ga kotun sama ba. An yanke hannun Buba Bello Jangebe a Zamfara a watan Maris na 2000 bisa satar saniya, ba tare da ya ɗaukaka ƙara ba. A Katsina, wata kotun shari'a ta yanke wa Sani Yakubu Rodi hukuncin kisa a ƙarshen 2001 bisa kashe wata mata da 'ya'yanta biyu. Bai da lauya, ba a ɗaukaka ƙara ba, aka rataye shi a gidan yarin Kaduna a watan Janairu na 2002. Laifin da aka tuhume shi da shi mummuna ne matuƙa, amma babu wata kotu ta biyu da ta duba ko an bi hanya.

Wani rahoto da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a 2004 ya ce yawancin waɗanda aka yanke wa manyan hukunce-hukunce a kotunan shari'a na arewa talakawa ne marasa lauya, kuma sau da yawa an dogara ne da iƙirarin da suka ce 'yan sanda sun tilasta musu yi.

Batun bai tsaya a wancan zamani ba. A watan Agusta na 2020 wata babbar kotun shari'a a Kano ta yanke wa Yahaya Sharif-Aminu hukuncin kisa bisa ɓatanci. A watan Janairu na 2021 babbar kotun jihar ta soke hukuncin ta ce a sake shari'a, domin an yi ta ba tare da lauya ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta goyi bayan sake shari'ar a 2022, daga nan aka wuce Kotun Ƙoli.

Tsarin mulkin 1999 ya tanadi waɗannan kariya a sashe na 36: a sanar da mutum laifinsa da harshen da yake ji, a ba shi lokaci da lauya da tafinta, a ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar. Dokar tarayya ta 2015 kan gudanar da shari'ar laifuka ta ƙara da tanadin ɗaukar iƙirari a bidiyo ko a gaban lauya. Duk da haka, alƙaluman hukumar gidajen gyaran hali na 2024 sun nuna cewa kimanin kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi.

Gonaki da bindiga

Yankin Funtuwa da Malumfashi, wanda aka sani da auduga da masara da dawa, ya shiga wani hali da ya sa maganar bin ƙa'ida ke yi wa mutane nauyi a kunne. A watan Disamba na 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Agusta na 2025 'yan bindiga suka buɗe wuta a kan masu sallar asuba a Unguwar Mantau da ke ƙaramar hukumar Malumfashi, suka kashe gomman mutane. Manoma da dama a Faskari da Sabuwa da Dandume sun san abin da ake nufi da biyan kuɗi kafin a shiga gona.

A irin wannan yanayi, wanda aka kashe wa ɗa ko aka sace wa mata zai iya tambaya: wane sammaci ɗan bindiga ya aiko mini? Tambaya ce mai nauyi, kuma jinkirin kotuna da sakin waɗanda aka kama ba tare da bayani ba na ƙara mata ƙarfi. Daga nan ne 'yan sa-kai suka samu karɓuwa, kafin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaro ta jihar a watan Oktoba na 2023.

Sai dai masu nazarin rikicin arewa maso yamma sun daɗe suna cewa kisan da aka riƙa yi wa waɗanda ake zargi a kasuwanni da rugage, ba tare da shari'a ba, na cikin abubuwan da suka rura wutar ramuwar gayya. Kuma 'yan arewa sun ɗanɗani ɗaya gefen wuƙar a watan Maris na 2025, lokacin da aka kashe mafarauta 16 a garin Uromi na jihar Edo bisa zargin cewa masu garkuwa da mutane ne. Abin da jama'a suka riƙa faɗa a Kano da Katsina a lokacin shi ne me ya sa ba a miƙa su ga hukuma an ji ta bakinsu ba. Wannan ita ce tambayar i'izari.

Ga yawancin mutanen karkara kuwa, ba a laifin haddi suke haɗuwa da kotu ba. A rikicin iyakar gona ne, ko rabon gado, ko jingina, ko bashin taki, ko saki. A nan ma makomar gonar marayu na iya rataya a kan ƙananan abubuwa: ko sammaci ya isa hannun wanda ake ƙara, ko an bar shi ya soki shaidu, ko magatakarda ya rubuta abin da aka faɗa, ko an gaya masa yana da damar ɗaukaka ƙara da kuma kwanakin da suka rage masa.

Har yau akwai masu ganin cewa alƙalan Katsina sun sassauta ne saboda idon duniya, kuma gaskiya ne an yi matsin lamba mai yawa. Amma matsin lamba bai hana kotun Funtuwa tabbatar da hukuncin ba a 2002, kuma hujjojin da aka soke shi da su a 2003 na nan a littattafan da ake karantawa a zaurukan malamai tun kafin zuwan Turawa.

Abin da ya bambanta Amina Lawal da sauran shi ne ta samu waɗanda suka san waɗannan hujjoji suka tsaya mata har kotu ta uku. Ƙalubalen da ke gaban hukumomin shari'a na jihar shi ne yadda manomin Ɗanja ko bazawarar Ƙafur, waɗanda babu gidan rediyon da zai ambaci sunansu, za su samu wannan kariya tun a kotun farko.